Tilasci Da Imani A Cikin Ƙagaggun Labaran Mugun Zamani

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya samo asali ne daga wata tambaya da wani almajirina ya kawo mini bayan mun tashi daga karatun Nahawu. Ya zo riƙe da wani littafin Turanci, ya durƙusa, ya ce, "Allah gafarta Malam, ashe akwai azabar da za a yi wa mutum har a zare abin da ya yi imani da shi daga cikin zuciyarsa, a zuba masa wani? In kuwa akwai, ina hukuncin wanda aka yi wa haka?" Da na duba bangon littafin sai na gane shi, domin na taɓa karanta fassararsa ta Larabci. Sunansa 1984. Na ce masa tambayarsa ta fi ƙarfin amsar tsaye, ya saurare ni a wannan fili, don waɗansu su ma su amfana.

Irin waɗannan littattafai Larabawa na kiransu adabin lalataccen birni. Wannan suna kishiya ne ga nagartaccen birni wanda masani Alfarabi, wanda ya rasu a shekarar 950 Miladiyya, ya siffanta a cikin rubuce-rubucensa. Marubucin irin wannan labari yakan dubi wata cuta da ya gani a zamaninsa, ya ƙaddara cewa ta bunƙasa har ta mamaye ƙasa duka, sa'an nan ya jefa mutum guda a cikinta don mu ga yadda zai ƙare. Labari ne ƙagagge, amma daga abubuwan da suka faru da gaske aka gina shi, don haka mai hankali ba ya raina shi.

Wanda ya rubuta 1984 Bature ne ɗan Ingila, George Orwell, sunansa na yanka Eric Blair. An haife shi a Indiya a 1903. Ya yi aikin ɗan sandan mulkin mallaka a ƙasar Bama daga 1922 zuwa 1927, ya kuma shiga yaƙin basasar Sifen, inda aka harbe shi a wuya a 1937. Watau dai mutum ne da ya ga zalunci daga ɓangaren mai riƙe da sanda, ya kuma gan shi daga ɓangaren wanda a ke bi da ita. Ya rubuta littafin yana fama da tarin fuka, aka buga shi a 1949, shi kuwa ya mutu a watan Janairu na 1950. Masu karatun Hausa da yawa sun san shi ta wani littafinsa wanda Bala Abdullahi Funtua ya mayar da shi Hausa da sunan Gandun Dabbobi.

Ga taƙaitaccen labarin. Jam'iyya guda ce ke mulkin wata ƙasa mai suna Oshiyaniya, shugabanta kuwa ana ce masa Babban Yaya, hotonsa na manne a kowane lungu. A gidajen 'yan jam'iyya akwai wani allo da ke gani yana kuma ji, ba dama a kashe shi. Winston Smith ma'aikaci ne a Ma'aikatar Gaskiya, aikinsa shi ne ya sake rubuta tsofaffin jaridu don su dace da abin da Jam'iyya ke faɗi a yau. A ɓoye ya ƙi Jam'iyya, ya shiga rubuta abin da ke ransa, ya kuma ƙulla soyayya da wata mace mai suna Julia. Su biyun sun san za a kama su ko ba daɗe ko ba jima, sun kuma san in aka kama su za su faɗi duk abin da aka so su faɗa. Abin da suka dogara da shi guda ne, watau cewa ana iya mallakar harshen mutum, amma babu mai iya kutsawa cikin zuciyarsa.

Sauran littafin duka ƙoƙari ne na rushe wannan dogaro. An kama su, aka kai Winston Ma'aikatar Ƙauna, wadda ita ce gidan azaba. Aka yi ta dukansa, aka hana shi barci da abinci, har ya amsa laifuffukan da bai taɓa aikatawa ba. Amma mai binciken, wani babban ɗan jam'iyya mai suna O'Brien, ya gaya masa cewa wannan duk share fage ne. Ya bayyana masa cewa azzaluman da suka gabata, kamar kotunan binciken aƙida na Coci a Turai, sun yi kuskure da suka riƙa kashe mutum yana riƙe da aƙidarsa, domin sun mayar da shi shahidi, sun ƙara wa ra'ayinsa mabiya. Ita Jam'iyya ba ta kashe mutum sai ta juyar da shi tukuna. Ya ɗaure shi a jikin wata na'ura mai gana azaba, ya ɗaga yatsu huɗu, ya nemi ya ce biyar ne. Da ya ce biyar don ya huta, sai aka ƙara masa azaba, don ba faɗi a ke nema ba, so a ke ya gansu biyar ɗin da idonsa.

Duk da haka abu guda ya rage masa, shi ne ƙaunar Julia. Sai aka kai shi ɗaki mai lamba 101, inda a ke haɗa kowane mutum da abin da ya fi tsoro a duniya. Shi Winston ɓeraye ya ke tsoro. Aka kawo keji cike da mayunwatan ɓeraye za a ɗaura masa a fuska, nan take ya yi kururuwa a yi wa Julia maimakonsa. Bayan an sake su sun haɗu, kowannensu ya shaida wa ɗan'uwansa cewa ya ci amanarsa, kuma a lokacin har zuci ya ke nufin haka. Littafin ya ƙare Winston na zaune a shagon shaye-shaye, ransa cike da son shugaban da a da ya ƙi.

Ba dukan marubutan wannan fanni ne suka yanke ƙauna haka ba. Kafin Orwell akwai wani injiniya ɗan Rasha, Yevgeny Zamyatin, wanda ya rubuta littafi mai suna Mu wajen 1920, ba a kuwa yarda aka buga shi a Tarayyar Sobiyet ba sai a 1988. A ƙasar da ya siffanta mutane ba su da suna sai lamba, gidajensu kuma na gilashi ne. An yi wa jarumin labarin aiki a ƙwaƙwalwa aka cire masa ikon zurfafa tunani da kintace, ya tona asirin abokansa hankali kwance. Amma macen da ke cikinsu an saka ta sau uku a ƙarƙashin wata ƙararrawar gilashi a na zuƙe iskar ciki, ba ta ce uffan ba. Haka kuma Ray Bradbury na Amurka, a littafinsa Fahrenheit 451 na 1953, ya siffanta ƙasar da hukuma ke ƙona littattafai, sai waɗansu mutane suka fita bayan gari, kowannensu ya haddace littafi a ka, don ya miƙa wa na baya. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga al'ummar da ta san darajar hadda.

To, yanzu bari mu ɗora waɗannan labaru a kan ma'aunin da mu ke da shi, domin mas'alar ba sabuwa ba ce gare mu. A Makka aka fara ta, tun kafin Hijira. An shimfiɗe Bilalu a kan rairayi mai zafi da tsakar rana, Umayyatu ɗan Halaf ya sa aka aza masa dutse a ƙirji, bai fasa kaɗaita Allah ba har Sayyidina Abubakar ya saye shi ya 'yanta shi. An kwantar da Habbabu ɗan Aratti a kan garwashi. An azabtar da iyalan Yasir, Abu Jahil ya kashe Sumayya, ta zama ta farko da ta yi shahada a Musulunci, mijinta Yasir shi ma ya rasu a cikin azabar. Ɗansu Ammar kuwa da wuya ta kai masa iyaka sai ya faɗi abin da mushirikai suka nema, suka sake shi. Ya zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kuka. Manzo ya tambaye shi yadda ya ke jin zuciyarsa, ya amsa cewa tana natse da imani. Sai ya yi masa izini, in sun sake ya sake. Malaman tafsiri sun ambaci cewa a kan wannan ne aya ta 106 ta Suratun Nahli ta sauka, wadda ta ware wanda aka tilasta alhali zuciyarsa na natse da imani daga cikin waɗanda fushin Allah ya hau kansu.

Daga nan malamai suka fitar da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce azima, watau mutum ya daure ya ƙi furta ɓarna ko da zai rasa ransa, wannan ita ce mafi falala, ita ce hanyar Sumayya da Bilalu da mutanen rami da aka ambata a Suratul Buruji. Ta biyu ita ce rukusa, watau sauƙi, mutum ya furta da baki don ya tsira, babu zunubi a kansa, ita ce hanyar Ammar. Hadisi na 39 a cikin Arba'una na Imamu Nawawi ya ƙarfafa wannan, inda ya nuna an yafe wa wannan al'umma kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta su a kansa. Amma sun gindaya sharuɗɗa. Dole mai tilastawar ya zama yana da ikon aikata abin da ya yi barazana da shi, wanda a ke tilasta wa ya kasa gudu ko kare kansa, ya kuma rinjayar a ransa cewa in ya ƙi za a aikata, abin tsoron kuma ya zama babba, kamar kisa ko yanke gaɓa ko duka mai tsanani. Tsoron rasa wani muƙami ko kwaɗayin abin duniya ba ya shiga wannan babi.

Tarihinmu ya ga hanyoyin nan biyu suna tafiya tare. A shekara ta 218 bayan Hijira Halifa Ma'amun ya tilasta wa malamai su ce Alƙur'ani halitta ne. Manyan malaman hadisi da dama sun amsa da baki don tsoron takobi. Imamu Ahmad ɗan Hambali ya ƙi, aka ɗaure shi fiye da shekara biyu, aka yi masa bulala a gaban Halifa Mu'utasim har ya suma. Malamai sun bayyana cewa shi abin koyi ne, jama'a na jiran kalmarsa, da ya sassauta da ɓatan ya game. Shi ma Imamu Malik an yi masa bulala a Madina a zamanin Halifa Mansur har kafaɗarsa ta goce, saboda ya tsaya a kan cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa, masu mulki kuwa suka fahimci cewa wannan fatawa na nufin mubaya'ar dole ita ma ba ta ɗaure kowa. A ɗaya ɓangaren kuma, bayan faɗuwar Garnaɗa a 1492, da aka tilasta wa Musulmin Andalus barin addininsu, wani malamin Magrib ya aika musu da fatawa a 1504 cewa su bi abin da aka tilasta musu a zahiri, su riƙe imaninsu a zuci.

Idan muka gwama wannan da labarin Winston, za mu fitar da darussa huɗu.

Na farko, abin da Winston da Julia suka dogara da shi tun farko, watau bambanci tsakanin harshe da zuciya, daidai ne, Shari'a ma ta tabbatar da shi. Furucin da aka tatsa da bulala ba shi da nauyi a wurin Allah. Saboda haka duk takardun da Winston ya sa wa hannu da laifuffukan da ya amsa ba su ne faɗuwarsa ba. Azzalumi da kansa ya san haka, shi ya sa O'Brien bai gamsu da su ba.

Na biyu, sauƙin nan yana da iyaka, iyakarsa kuwa ita ce haƙƙin wani. Malamai sun haɗu a kan cewa wanda aka tilasta ya kashe wani ba ya halatta ya kashe shi, domin ransa bai fi na ɗan'uwansa daraja ba. Orwell, ko da ya ke ba fiƙihu ya karanta ba, ya gano wannan gaɓa. Ai da furuci kawai Jam'iyya ke so, da ba a buɗe ɗaki na 101 ba. Sun san mutum na iya faɗin ƙarya dubu ya tashi da mutuncinsa, amma ranar da ya so a cuci wanda ya ke ƙauna don shi ya tsira, ya rushe a idon kansa. Akwai kuma wani wuri a littafin da masu karatu kan yi saurin wucewa. Tun kafin a kama shi, lokacin da ya zaci O'Brien ɗan tawaye ne, Winston ya yi alkawarin zai aikata kowace irin ta'asa don a kayar da Jam'iyya, har da watsa wa ƙaramin yaro ruwan guba a fuska. Da ya zo yana iƙirarin ya fi masu azabtar da shi nagarta, sai aka kunna masa muryarsa yana ɗaukar wannan alkawari, bakinsa ya mutu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk wanda ya halatta wa kansa zalunci don ya yaƙi zalunci, ya miƙa wa abokin gabansa makami tun kafin a gamu.

Na uku, a duba a kan me kowannensu ya jingina gaskiyarsa. O'Brien ya ce babu wata gaskiya a wajen abin da Jam'iyya ta ƙudura, ya kuma tambayi Winston ko ya yi imani da Allah, ya ce a'a, shi dai ya dogara ne da ruhin ɗan Adam. Sai aka tsayar da shi gaban madubi, aka nuna masa ƙasusuwansa da zubabbun haƙoransa, aka ce ga ɗan Adam ɗin. Gaskiyar Winston ba ta da wani mazauni sai ƙoƙon kansa, an kuma ƙona takardu, an kawar da shaidu, saboda haka da aka fasa ƙoƙon kan sai ya ga kamar komai ya tafi. Mumini kuwa ya san yatsun nan huɗu ne a cikin ilmin Allah, ko shi ya gani ko bai gani ba, ko an bar shi da rai ko an kashe shi a ɓoye an shafe sunansa. Jam'iyya na alfaharin ba ta barin shahidai, domin ba ta barin mai ba da labari. Amma shahada a wurinmu ba ta bukatar ɗan kallo. Wannan shi ne abin da matsafan Fir'auna suka gane bayan sun yi imani, da ya yi musu barazanar yanke hannuwa da ƙafafu, suka nuna masa cewa hukuncinsa bai wuce rayuwar duniya ba, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha.

Na huɗu, shi ne amsar tambayar almajirina kai tsaye. Kada mu yaudari kanmu cewa mai imani ba ya karyewa. Jiki nama ne da jini, ƙwaƙwalwa ma gaɓa ce, rashin barci da yunwa da kaɗaici da firgici na iya gusar da hankalin jarumi. A nan Orwell bai yi ƙarya ba. Sai dai hankali shi ne sharaɗin ɗora wa mutum nauyin Shari'a, in ya gushe an ɗauke alƙalami, ƙarshen Suratul Baƙara kuma ya tabbatar mana cewa Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda aka azabtar har ya daina bambance huɗu da biyar, lamarinsa na hannun Ubangijin da Ya san abin da ke cikin ƙiraza, Ya kuma san halin da ya ke ciki kafin a taɓa shi. Zunubin na wuyan wanda ya murɗa na'urar. Saboda haka nasarar da O'Brien ke taƙama da ita nasara ce a kotun da shi ne alƙalinta, alhali akwai wata kotun a gaba.

Abin da ya rage shi ne mu ɗauki namu rabon. Wanda ke zaune lafiya a gidansa ya kame bakinsa daga zargin wanda ya fito daga hannun azzalumai, domin Manzon Allah bai zargi Ammar ba, lallashinsa ya yi. Kada kuma wani ya yi burin a jarrabe shi don ya nuna jarunta, an umarce mu ne da roƙon Allah lafiya, in jarrabawa ta zo kuma mu yi haƙuri. Sa'an nan duk wanda Allah Ya ba ikon tsare wani, ko ɗan sanda ne ko gandiroba ko ɗan sintiri ko mai gida, ya sani cewa ya zo a Sahihu Muslim cewa Allah zai azabtar da masu azabtar da mutane a duniya, kuma mafi yawan malamai ba su karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar tilas. Dokokin zamani ma sun biyo wannan sawu. A cikin shekarar 1984 ɗin kanta, ranar 10 ga Disamba, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana azabtarwa, Nijeriya kuma ta kafa tata dokar a 2017.

Daga ƙarshe ina tunatar da kaina da ku cewa yawancinmu ba za a taɓa kai mu ɗaki na 101 ba. Namu tilascin ƙarami ne, shi ne a ce ka sa hannu a takardar da ka san ƙarya ce, ko ka ba da shaidar zur don maigidanka, ko ka yi shiru a na cin zarafin wani don kada ka rasa abincinka. Aldous Huxley ya nuna a littafinsa na 1932 cewa ana iya raba jama'a da aƙidarsu ba tare da bulala ko ɗaya ba, ta hanyar shagaltar da su da jin daɗi kawai. Wanda ya saba cewa huɗu biyar ne don kwaɗayi, me zai ce ranar da aka ɗaga masa sanda? Imamu Ahmad bai koyi haƙuri a ranar bulala ba, ya shekara da shekaru yana horar da kansa da ƙanƙanin abinci da gudun abin hannun sarakuna.

Allah Ya tabbatar da zukatanmu a kan gaskiya, Ya kuɓutar da duk wanda ke tsare bisa zalunci, kada Ya jarrabe mu da abin da ba za mu iya ɗauka ba. Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.